Shafi Uku da Malam Hamidu Ya Tsallake

Duk wanda ya taɓa ratsa layin teloli na kasuwar Talata Mafara bayan la'asar ya san rumfar Malam Abdulhamid, wanda kowa ke kira Malam Hamidu. Ba don ɗinkinsa aka san ta ba, don ɗinkin nasa ba yabo ba fallasa, kuma ya fi kowa saɓa alkawarin kayan sallah. An san ta ne saboda benci biyu da ke gabanta, da wani akwatin ƙarfe cike da littattafai da ke gefen keken ɗinki.

Ɗan ƙauyen Ruwan Gizo ne. Shi kaɗai aka sa a boko a gidansu, ya gama firamare, ya tafi sakandare a Bakura. Yana aji huɗu mahaifinsa ya rasu, karatu ya tsaya. Noma bai karɓe shi ba, sai kawunsa ya kai shi wurin wani tela a Mafara. Tun daga nan, shekara ashirin da ɗoriya, idonsa ne idon layin. Takardar asibiti, takardar gona, sammaci, saƙon waya da ya zo da Turanci, duk wurinsa ake kawowa. Ya sa tabarau, ya karanta, ya fassara, a yi masa godiya, a naɗe takarda a sa a aljihu. Ba wanda ya taɓa kai takardar da ya karanta wani wuri don a sake dubawa. Da wannan yake taƙama, fiye da yadda yake taƙama da 'ya'yansa shida.

Karatun littafin labari kuwa bayan la'asar ake yinsa, babi ɗaya kullum, ban da ranar Talata da cinkoson kasuwa ba ya bari. A nan akwai abin da mutanen layin ba su sani ba. Malam Hamidu yakan ce shi ma bai san abin da ke gaba ba, tare da su yake tafiya cikin labarin. Ƙarya yake yi. Da hantsi, in rumfa ba kowa, yakan leƙa ƙarshen littafi tsaf. Da yamma in ya rufe shafi sai ya cire tabarau a hankali, ya ce, "Ni dai ku sa ido ga wance, ban yarda da ita ba." Bayan kwana goma sai a ga wance ɗin ce. A yi ta girgiza kai ana cewa Malam akwai hangen nesa. Ya daɗe yana cin wannan yabo har ya manta ta inda yake samunsa.

Bara, bayan an kai amfanin gona gida, Nasidi ɗan kabu-kabu, mai jigila da babur tsakanin Mafara da Maradun, ya kawo masa wani littafi mai jan bango da wani fasinja ya bar masa. Ba na soyayya ba ne. Labarin wani ɗan takarar gwamna ne a wata jiha da marubucin ya ƙirƙira, mutum mai tausayin talaka, wanda aka harbe a cikin mota a kan wata gada, saura kwana tara zaɓe. Wa ya kitsa, wa ya ba da hanya, shi ne abin da ake bi. Matsalar ɗaya ce: kashi na ɗaya ne kawai ya zo hannu. Marubucin, kamar yadda suka saba, ya yanke labarin daidai inda rai ke so, na biyu kuwa sai an sa cigiya a Gusau.

Ba littafin da ya taɓa kama mutanen layin kamar wannan. Benci biyu suka kasa, wasu na zama a kan buhu. Ranar da aka karanta harbin, Baba Isa, dattijo mai sayar da igiya, sai da ya share ƙwalla da bakin rawani, ya ɗaga hannu ya yi wa mamacin addu'a. Kowa ya shafa, har Malam Hamidu da ya san mutumin bai taɓa zuwa duniya ba. Nasidi kuma yakan kwashi babin jiya ya yi ta zuba wa fasinja a hanya, har ta kai a tashar Maradun ana tare shi a tambaye shi ko an kama direban marigayin. Wasu suka fara cewa ai da wane ake, wasu su ce a'a, da wane dai. Malam ya hana kiran sunan kowa a rumfarsa, ya ce labari ake yi, ba kamfe ba.

A ƙarshen benci akwai wani mahauci da ake kira Maikuɗi, mutumin Bakura, wanda ya gaji fawa tun kaka da kakanni. Ko sunansa ba ya iya rubutawa. In ya sayar da namansa sai ya wanke hannu ya zo ya zauna, yana ƙanshin kitse, yana tauna goro. Shekara bakwai yana zuwa, ba wanda zai ce ga wata magana da ya taɓa yi ban da sallama.

Ranar da kashi na ɗaya ya ƙare, duk ido ya koma kan Malam Hamidu. Ya cire tabarau a hankali kamar kullum, sai dai yau babu ƙarshen da ya leƙa. Karo na farko ke nan da zai faɗi abin da ke cikin kansa shi kaɗai. Ya ce shugaban jam'iyyar hamayya ne, wanda ya yi wa marigayin barazana a bainar jama'a. Kowa ya gyaɗa kai.

"Malam, a gahwarce ni," in ji Maikuɗi daga ƙarshen benci. "Ba shi na ba. Amininai na, wanga mai riƙe mai jaka."

Aka waiwaya ana dubansa. Malam ya yi murmushin da malami ke yi wa ɗalibi, ya ce, "To, Sarkin Hwawa, mi yas sa kac ce haka?"

"Ni aikina ɗai na sani. Shekara talatin ina kai shanu mahwauta, ban taɓa ganin sa ya bi baƙo ba. Sai mun kira wanda yak kiwata shi, shi kama igiya, sannan shi taho lami lahiya. Mutumin ga ya sauya mota, ya sauya hanya, ya ɓoye ma kowa. To wa yas san gada zai bi, in ba wanda yab ba shi shawarar bin ta ba?"

Baba Isa ne ya fara magana, ya ce ashe kan nan na Maikuɗi ba don ɗaukar tiren nama kawai aka yi shi ba. Aka yi dariya, amma dariyar yabo ce, kuma Malam Hamidu ya ji bambancin.

Mako uku aka yi ana jiran kashi na biyu, kuma cikin makonnin nan uku Malam bai ji daɗin duniya ba. Daga kan kekensa yana hango teburin Maikuɗi, yana ganin mutanen da ba nama suka je saye ba sun tsaya ana gardama. Nasidi ya dawo da labarin cewa a Maradun ma an rabu biyu, kuma masu bin hujjar mahauci sun fi yawa. Har mata a cikin gida, in ji shi, suna cewa mahaucin nan ya san mutane. Malam ya ɗinka wa wata riga hannu a juye, ya warware, ya sake juyawa. Hassada ce, kuma ya san sunanta. Ya nemi tsari da ita a sallah, ta ƙi tafiya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, shi da ya yi aji huɗu sai ya leƙa yake sani, wannan kuwa da bai san baƙi ba, daga igiyar sa ya hango abin da ya hango.

Kashi na biyu ya iso wata Alhamis da hantsi. Nasidi na juya baya Malam ya buɗe ƙarshe. Aminin ne. Shi ya ba da shawarar a bi ta gada, shi ya kira maharban, kuma a cikin wasu shafuka uku na babin ƙarshe ya amsa laifinsa da bakinsa. Ko Maikuɗi ne ya rubuta littafin, iyakar abin da zai rubuta ke nan.

Kwana takwas Malam ya yi yana karatu tsakani da Allah, bai rage ko harafi ba. Rana ta tara rumfa ta cika har bakin hanya, Maikuɗi kuma an matsa masa ya zauna a tsakiyar benci. Da Malam ya iso wurin a karatu, sai ya haɗa shafi ukun nan da ɗan yatsa ya juya su tare. Idonsa na kan takarda, bakinsa na faɗin abin da babu a cikinta. Ya ɗauki kalaman aminin ya sa a bakin shugaban hamayya, ya sa aka tasa ƙeyarsa zuwa kurkuku, ya bar aminin yana kuka a kan kabari. Ya haɗa bakin labarin yadda yake haɗa bakin yadi in ya yanke wurin da dutsen guga ya ƙona. A gaskiya bai taɓa ɗinki mai kyau irin na ranar ba.

Aka yi wa Maikuɗi ca. Wannan ya ce ya koma wa shanunsa, wancan ya ce mutum ba sa ba ne. Maikuɗi ya dubi ƙasa, ya ce, "To, littahi ya hi ni sani. Allah shi ƙara ma Malam basira." Ya tashi ya tafi, kuma bai sake zuwa karatu ba. Daɗin da Malam ya ji bai kai shi sallar isha'i ba, amma ya yi shiru da bakinsa, ya tura littafin can ƙasan akwati.

Bayan wata guda, wata ranar Asabar da la'asar, Nasidi ya faka babur a gaban rumfa bai ko kashe shi da kyau ba. A Maradun akwai shagon da ake tura wa mutane waƙoƙi da karatun littattafai a waya, kuma littafin mai jan bango ya iso can, wata mata ta karanta shi an ɗauki muryarta. Fasinjoji sun ƙaryata Nasidi a tasha, shi kuma ya rantse da Allah a kan abin da ya ji daga bakin Malam, aka kunna masa, ya ji kunya a gaban mutane. Kai tsaye ya shigo rumfar Malam. Ya ajiye wayarsa a kan benci, ya ƙure murya.

Muryar matar ta karanta shafi ukun nan daga farko har ƙarshe. Da ta gama, Baba Isa ya juyo, ya ce cikin ladabi, "Malam, ko littahin iri biyu na?"

Ƙofa ce dattijon ya buɗe masa, kuma da ya ce bugu biyu aka yi, da wasu sun yarda. Malam ya dubi akwatin, ya dubi Nasidi, ya ce, "Guda na, Baba."

Baba Isa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi.

Gaisuwa ba ta ragu ba. Har yau ana tsayawa a tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da aiki. Takardu ne suka sauya hanya. A tsallaken titi akwai Lukman mai kemis, can ake kai su yanzu, kuma daga kan keke Malam yana ganin kowa. Ya ga ranar da Baba Isa ya fito da takardar gonarsa ta fadama, wadda Malam ya karanta masa shekara shida da suka wuce, ya kai wa Lukman ya sake dubawa. Daidai ya karanta masa ita a wancan lokaci, kalma da kalma, amma wa zai gaya wa?

Ana nan, wata safiya sai ga Maikuɗi a bakin rumfa da takarda a hannu. Suka gaisa doguwar gaisuwa, kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Ya ce matarsa Lantana ce aka gwada a asibiti a Gusau, an rubuto yadda za ta sha magani da ranar da za ta koma.

"Duba min, Malam. Kai munka saba kawo ma."

Malam Hamidu ya karɓi takardar. Godiya ya ji, amma har a cikinta akwai ƙyashi, don ga shi mutumin nan ya sake fin sa, wannan karon a girman zuciya. Ya sa tabarau. Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kowane layi yadda Maikuɗi zai ga bai tsallake komai ba, ya karanta Turancin, ya fassara, ya maimaita: ƙwaya biyu safe da yamma bayan abinci, a rage gishiri, a koma ranar sha huɗu ga wata.

Da ya miƙa takardar sai ya ce, "Maikuɗi, zancen littahin nan..."

"Bari, Malam. Labari na, ya wuce. Allah shi saka da alheri."

Ya yi sallama ya fita. Malam ya bi shi da ido, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, har ya ɗora ƙafa a kan keke. Sai ya lura takardar tana hannun Maikuɗi, bai naɗe ta ba. Maikuɗi ya tsaya wata motar shanu ta wuce, ya tsallaka titi, ya miƙa wa Lukman. Lukman ya karanta, ya yi bayani yana nuni da yatsu biyu, Maikuɗi yana gyaɗa kai don abin da ya ji ɗazu ne yake sake ji. Sai a lokacin ya naɗe takardar ya sa a aljihu.