Masu Dariya a Kan Ganuwar Surame

Babana malamin tarihi ne a makarantar sakandare can Kabi, kuma labari ɗaya yake da shi da ba ya gajiya da shi: yadda rundunar Borno ta kewaye birnin Surame. Mun ji shi har mun haddace inda zai yi tari.

Ya ce watanni suka yi babu shiga babu fita. Hatsi ya ƙare, mutane suka fara faɗuwa. Sai na cikin suka ɗauki gawawwakinsu suka jingine a kan ganuwa, kowa da baka a hannu, aka tsaga musu baki kamar masu dariya. Borno ta ɗaga kai ta ga mutanen da yunwa ba ta hana su dariya ba, ta naɗe kayanta. Songhai ma da ta ji, sai ta shiga taitayinta. A nan Baba ke buga cinya. Dauloli biyu, in ji shi, an raba su da girman kai.

Na tuno labarin ne a unguwar Hor Al Anz, can ƙasar waje inda na je neman kuɗi, a ɗakin da muke mu takwas, babu mai jin Hausa sai ni. Wata uku ke nan kamfanin da nake wa aikin lissafin kaya ya sallame ni. Ban gaya wa kowa a gida ba. Ina tsoron Baba ya ce in dawo, ina kuma tsoron kada ya ce. Kaɗaici ya ishe ni har nakan gaida kaina da Hausa a madubin banɗaki.

Duk Juma'a bayan masallaci muke waya ta bidiyo da Baba. Sai in goge shadda, in nemi wuri mai kyau in tsaya. Wata Juma'ar na hau bas tun safe har wani gari mai suna Hatta, don kawai ya ga tsohuwar hasumiyar tsaro a kan dutse. Na san zai so ta. Iyalai na ta shimfiɗa tabarmi suna cin abinci, ni kuwa na ɗaga waya na washe baki.

"Baba, ga irin taku! Nan ma sun yi gadi a da."

Ya matso da fuskarsa, tabaransa a kan hanci. Ko kallon hasumiyar bai yi ba.

"Aiki fa?"

"Alhamdu lillahi, sai dai yawa."



"Shekara talatin ina ba yara labarin nan," ya ce. "Kai kaɗai ka taɓa tambayata su wa aka jingine a ganuwar. Ka tuna? Na kore ka, don ban da amsa."

Na ce na tuna. Bakina na nan a washe, har kumatuna sun fara ciwo.

"To ni ba Borno ba ne, ɗana. Ban zo cin garinka ba. Sati bakwai ina kallon haƙoran nan, ba su motsi. Ka jiya? Mi ka faruwa?"

Na zauna a kan dutsen, shaddar da na goge ta kwashi ƙura. Na fi minti ina ƙoƙarin rufe bakina kafin na iya ce masa, "Baba, hatsi ya ƙare."