Ranar da Na Yi wa Mama Tafinta

Akwai wata Asabar da har in koma ga Ubangiji ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can bayan Gwantu, sai wani ɗan takara ya zo neman ƙuri'a. Da yake tsofaffinmu ba su cika jin Hausa ba, dagaci ya ce ni zan juya musu jawabin da yarenmu.

Aka taru a filin coci. Mutumin ya iya baki, ba laifi. "Lokacin 'yanci ya yi. Zan ƙwato muku haƙƙinku." Ya faɗa ya maimaita, matasa na ta tafi, ni kuwa sai gumi nake, don a yarenmu ba a cewa haƙƙi haka kawai, sai an faɗi na mene ne.

Can sai na ga mahaifiyata ta miƙe, matar da ko a zumuntar mata ba ta cika magana ba. Ta dube ni ta ce da yare, "Tambaye shi, abin nan da zai ba mu, ana taka shi a haye rafi? Matar ƙanenka a bakin ruwa ta haihu bara, asibiti na ƙetare. In gada yake nufi, ya ce gada."

Wani na hannun damansa ya matso kunnena. "Ticha, ka ce tana godiya. Ka san yi wa malami taransifa zuwa wani gari ba wuya."

Amma Mama na tsaye tana jirana. Na ɗaga lasifika na faɗi maganarta da Hausa, ban rage komai ba.

Ɗan takarar ya murmusa ya ce ai duk yana cikin 'yanci. Mama ta ce, "To ya faɗa da bakinsa." Ba ta zauna ba sai da ya ce gada a gaban kowa.

Bayan ya ci zaɓe aka jefa ni wata makaranta wajen Jere. Matan ƙauyenmu kuwa suka yi ta sintiri suna tuna masa abin da ya faɗa, har aka gina gadar, 'yar ƙarama, amma mota na hawa.

Mama ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ta koya mini wannan: duk wanda ya yi maka alkawarin 'yanci, ka sa ya faɗi sunan abin, don ka san abin da za ka tambaye shi gobe.