Sa Hannun da Yaya Isyaku Ya Ƙi Yi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Isyaku. Har yau in na ji a rediyo wani kwamitin majalisa ya zauna kan kwangilar jiragen yaƙi, sai in bar abin da nake yi in kasa kunne.

A Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, aka haife mu, mahaifinmu fataucin goro yake yi. Yaya ya shiga aikin sojan sama, ya zama makanikin jirgi. Daga baya aka ɗora masa duba sababbin jirage kafin a karɓe su. A wata kwangila an sa sharaɗi: in kamfani ya kawo jiragen kafin wa'adi, kuma lafiyarsu ƙalau, za a ƙara masa tukuici mai tsoka. Jiragen sun iso da wuri, amma Yaya ya ga biyu daga cikinsu injinsu na ɗaukar zafi fiye da kima. Ya ƙi sa hannu. Wani ya sa, aka biya tukuicin, Yaya kuma aka mayar da shi tsaron sito har ya yi ritaya.

Ya dawo gida ya kama sayar da albasa a kasuwar Shasha tare da kawunmu. Bai taɓa ba mu labarin nan ba, sai ranar da wasiƙa ta zo, kwamitin majalisa na nemansa ya ba da shaida.

Mahaifiyarmu ta yi kuka, ta ce, "Isyaku, mutanen nan sun fi ƙarfinka. Ka riƙe albasarka."

Ya ce, "Inna, jiragen nan suna tashi da mutane a ciki. Ki sa min albarka kawai."

Kwana biyu ba ta kula shi ba. Ranar tafiya ta dafa kansa ta yi masa addu'a.

Ni na raka shi Abuja. Ya zauna gaban kwamitin da takardarsa a hannu. Wani ɗan majalisa ya ce masa, kamfani ya zo da ƙwararru, don me za a yarda da makaniki? Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ku yarda da ni. Ku sa a buɗe injin." Aka buɗe, aka ga abin da ya gani. Aka dakatar da jiragen, kwamiti ya ce a dawo da tukuicin. Ko an dawo da shi, ban sani ba. Ban kuma ji an hukunta kowa ba. Bayan shekara biyu hawan jini ya ɗauke shi.

Yanzu irin wannan zama a waya ake kallonsa. Samarin Sabo suna tura wa juna inda 'yan majalisa ke cacar baki, suna dariya da Hausa da Yarbanci. Ina jin da Yaya na nan, tambayarsa ɗaya ce: an kira wanda ya taɓa jirgin da hannunsa?

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Amma ranar sadakar uku wani baƙo ya zauna a tabarmar ƙofar gidanmu. Da zai tashi ya ce shi matuƙi ne, ɗaya daga cikin jiragen nan biyu shi yake tuƙawa. Duk Sallah yana kiran Inna ya gaishe ta. Bana ya gaya mata ya aurar da 'yarsa ta fari.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa.