Gwaggo Mai Damuwar Aro

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Yau za a gabatar da shugabar masu damuwa ta duniya, matar da ta yi takaba sau goma sha ɗaya alhali mijinta yana tsakar gida yana shan shayi: Gwaggona, yayar babana, ba wata ba.

Aikin da aka ɗauke ta shara ne, a wata kwaleji da ake koyar da masu ba da shawara, wato mutanen nan da za ka zauna gabansu ka juye musu damuwarka, su kuma su yi ta gyaɗa kai suna cewa "ina jin ka". Ashe gyaɗa kan nan ma sai an shekara biyu ana karatunsa.

Akwai ɗakin gwaji a kwalejin: kujeru biyu a ɗan karkace, kwalin tishu a kan tebur, da agogo a bangon da ke bayan mai damuwa, don ɗalibi ya saci kallon lokaci ba a kama shi ba. A gefe akwai gilashi, bayansa Malama take zama da biro tana ba da maki. Da can ɗalibai junansu suke yi wa gwajin, ba a minti biyar sai dariya ta ƙwace. Wata Laraba Gwaggo ta shigo da tsintsiya, ta tarar da wata ɗaliba tana matso kukan ƙarya.

"Wannan kuka ne ko atishawa? Tashi, 'yar nan, ki ga yadda ake yi."

Ta jingine tsintsiya, ta zauna, ta shiga zuba labarin da ta ƙaga. Kafin ta kai inda mijinta ya gudu da keken ɗinkinta, ɗalibin da ke saurare ya manta duk abin da ke littafi. Malama ta fito ta ce, "Gwaggo, duk Laraba kujerar nan taki ce."

Shekara shida ke nan. Ta san ɗalibai kamar yunwar cikinta. Mai saurin cewa "ki yi haƙuri" tun ba ta dire zance ba, sai ta ƙara masa gawa ɗaya a labarin. Mai son ba da shawara kuwa, shiru take yi masa na minti huɗu cur, tana kallon farcenta, har gumi ya karyo masa. Tana son kujerar nan kamar ranta, domin a duk duniya nan kaɗai take magana ta minti arba'in ba wanda ya katse ta da "ina makullin ɗaki?"

Abin da ya fi yi mata daɗin ƙagawa shi ne mijinta. A cikin labaran ya gudu, ya haukace, ya mutu iri-iri. A zahiri kuwa Baba Mai Fanka ne, mai gyaran fanka, mutumin da in ya yi kalma goma a yini sai a tambaye shi ko lafiya.

Sai aka samu wani sabon ɗalibi da 'yan aji ke kira Tausayi. Bai zo darasin farko ba, inda ake gaya musu labaran Gwaggo duk na aro ne, kuma haramun ne a bi mai damuwa gida. Ranar gwajinsa Gwaggo ta ce fanka ce ta tsinko daga sama ta aika mijinta lahira. Tausayi ya ƙarar da tishun shi kaɗai. Da yamma ya yi ta tambaya har ya gano gidan, ya yi sallama. Baba Mai Fanka ya leƙo da sukundireba a hannu.

"Baba, ta'aziyyar maigidan na zo yi."

"Wane maigidan?"

"Mai gyaran fanka. Wanda ta faɗo masa a ka."

Baba ya shafa kansa a hankali, ya ce, "Madalla." Ya koma ciki ya yi wa Gwaggo jawabin da ya fi kowanne tsawo tun aurensu: "Uwar yara, daga yau kin bar kujerar nan."

Gwaggo ta kwana biyu tana shara kamar wadda aka zare wa laka. Malama ta ji labari, ta ga za ta rasa Gwaggo, ta ce a kawo mata su duka. Ta zaunar da Baba a kujerar masu damuwa, Gwaggo a gefe, ta nuna Tausayi. "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. In ka yi kuka ka faɗi jarrabawa."

Tausayi ya danne hawaye, ya yi abin da aka koya masa: ya rufe bakinsa. Can ya ce, "Baba, me ya fi yi maka ciwo?"

"Fankar," in ji Baba. "Uwar yara ta kashe ni da mota, ta kashe ni da ƙashin kifi, ban damu ba, ai kowa zai mutu. Amma fanka? Shekara talatin ina ɗaura fanka, ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa faɗowa ba. In labarin nan ya fita, wa zai sake ba ni aiki?"

"Ina jin ka, Baba."

To, wannan "ina jin ka" ita ta ɓalle famfo. Baba ya yi maganar masu sayen fanka ta banza, da ƙanensa mai aron tsani ba ya mayarwa, da ciwon wuyan da kallon sama ya sa masa. Gwaggo ta saki baki tana kallonsa kamar baƙo. Sai da agogo ya ci sa'a guda Malama ta ƙwanƙwasa gilashi.

Aka yi sulhu: Gwaggo za ta ci gaba da kashe shi, amma ban da kayan lantarki. Sai dai Baba ya ɗanɗana kujera ya ji daɗinta, ya ce shi ma duk Laraba zai riƙa zuwa, a raba lokacin biyu.

Da na ji an gama lafiya sai na same ta tana ninke wanki, na ce, "Gwaggo, kin ci nasara! Ga miji, ga kujera! Tarihinki nake rubutawa, duniya ta san da ke."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Rabin kujera dai. Kama min bakin zanen gadon nan, tunda ba ka da aikin yi."