Waken Baba Tabawa

Na daɗe ina ɗaga rubuta wannan, don karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron a ce na zo ɗora wa wani laifi. Laifin nawa ne.

Aikina shiga gidaje. Malamin gona namiji ne, ba ya wuce zaure, don haka duk Litinin yake tara mu, mu mata huɗu, ya koya mana darasi, mu kai wa matan ƙauyukan Kiru da Bebeji.

Ban taɓa mantawa da ranar da na kai darasin buhun ajiye wake gidan Baba Tabawa ba. Dattijuwa ce daga cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa, tana da 'yar gayaunarta. Da toka da barkono take tsare wakenta a tulu. Na ce ta bar wannan, ga buhu mai leda biyu a ciki. Na karanta mata takardar sau biyu don kada in tsallake komai: a shanya, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ta juye wakenta duka a ciki, har da irin shuka.

Bayan wata uku na koma. Ta ɗebo waken ta zuba mini a tafin hannu. Duk huji ne, ƙwari na yawo. Na duba ledar, ba ta fashe ba. Na tambayi ɗaurin, ta nuna mini, daidai yake. Ashe ƙosai take soyawa, kullum da safe sai ta kwance ta ɗebi na ranar, iska ta shiga, ƙwari su samu rayuwa.

Ta ce, "'Yar nan, kin ce in ɗaure, ba ki ce kada in kwance ba. Da me zan yi ƙosan, da takardarki?"

Da na gaya wa malamin, sai ya ce ai kowa ya san ba a buɗewa sai ranar kai wa kasuwa. A raina na ce wannan ajiyar magidanci ce. Mace daga buhunta take ci, daga shi take sana'a. Ni da nake shiga har tsakar gida, ga kaskon suya a gabana, ban tambaye ta me take yi da waken ba. Daminar nan iri sai roƙa ta yi a maƙwabta.

Tun daga nan ba na buɗe takarda sai na gama tambaya. Nakan ce a ware na ɗiba a ƙananan jarkoki, amma ban tabbata ya isa ba, kuma ina jin nauyin in sake koyar da abin da ban tabbatar ba.

Don Allah, duk wanda ya san hanyar ajiye waken da ake ɗiba kullum, wadda aka gwada ta yi, ya sanar da ni kafin girbin bana. Baba Tabawa ta koma tokarta, kuma ban da bakin hana ta.