Malamar da Ba Ta Fara da Jan Biro

Kai mai karanta wannan, wa ya taɓa tambayarka yadda ake fara magana a gidanku kafin ya gyara maka rubutu? Ni dai mace ɗaya ce ta yi min haka, malamar rubutu ta ajin manya a cibiyarmu ta yaƙi da jahilci, kuma ranar Larabar da ta wuce Allah Ya karɓi abarsa. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Malama, na shigo ajinki da baƙin mai a farce, makaniken da ya koyi karatu a jikin kwalayen kayan gyara. Ɗan ɗaki ne mai fanka mai kuka, wanda Shugaban cibiya ya daɗe yana so ya mayar sito. Mu kuwa kowa da yaren da aka yi masa faɗa da shi yana yaro. Kika ajiye jan biro, kika ce kowa ya fara faɗin labarinsa da baki, yadda zai faɗa wa kakarsa. Da kika ga shafina na farko cike da zage-zage, cewa kika yi, ɗana, zagin ya yi kyau, saura hujja.

Ga kuma Yaya Tela, 'yar ajinmu. Shugaba ya ba ta sifili, wai ba ta da ra'ayi, don an ce ta soki littafi sai ta cika shafi da gaida marubucin. Ke kika bi ta shago, kika zauna gefen keken ɗinkinta, kika gano cewa a wajensu ba a tunkarar babba da kuskurensa. Sukar tana nan can ƙasa, a lulluɓe. Ba ki ce ta yar da gaisuwar ba. Kika ce, "Gaishe shi a layi ɗaya, sannan ki yanka shi kamar yadi."

To albishirinki, Malama. Washegarin jana'izarki sharhin nan na Yaya Tela ya zo na ɗaya a gasar cibiyoyi, da gaisuwarsa a sama. Ta karanta shi a bainar jama'a, har alƙalan gasar suka miƙe tsaye. Kin ci.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya ba Baba maigidanki da 'ya'yanki haƙurin rashi.

Saura kai, Shugaba. Ka rungume kofin gasar an ɗauke ka hoto, alhali ka riga ka turo kafinta ya auna ɗakinmu. Ajin nan zai ci gaba ko kuwa? Kada ka kira ni ofis. Fito nan inda kowa ke karantawa ka amsa.