Hauyar Baba a Hancin Jar Mota

Ranar da ƙanena ya shigo garinmu da jar motar nan, ni dai ban yi guɗa ba. Ina tsaye bakin ƙofa da muciya a hannu, ina kallon wata aba mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta na shafar ƙasa kamar kunkuru. Duk shekarun da ya kwashe yana aiki a Jidda, abin da ya dawo mana da shi ke nan, maimakon boksi, motar a-kori-kura, da za ta kai albasa kasuwar Sinnar. Na ce, "Kai, wannan a ina ake ɗora buhu?"

Ya ce, "Yaya, ai ba ta buhu ba ce."

Na ce ai na gani. Ya buɗe gabanta yana nuna wa maza wani abu a kan injin wai shi ke ɗura masa iska da ƙarfin tsiya, wai idan ya taka ta a kwalta ba abin da ke kamo ta. Na tambaye shi ina kwaltar take a garin nan, ya yi kamar bai ji ba.

Lokacin Baba ya daɗe a kan angarib, gadon igiyar nan namu mai gajerun ƙafafu. Ɓarin jikinsa ya shanye, kuma tun rasuwar Inna ni ke juya shi, ni ke ba shi abinci. Yana da jarf, gonar bakin bahar, wato babban koginmu, da ya noma tun yana saurayi, kuma tun da ciwon ya kwantar da shi bai sake ganin ta ba. An taɓa gwada ɗaga shi a sa a boksi. Maza suka kinkime shi, ya yi ƙara don zafin ƙugu, ya ce a sauke shi, shi ba buhun dawa ba ne. Daga nan bai ƙara yarda ba. Sai dai duk wanda ya dawo daga bahar ya tare shi da tambayar inda ruwa ya kai.

To ga ikon Allah. Ƙanena ya shigo da motar tsakar gida saboda inuwa, ya tsaya dab da angarib ɗin, ya buɗe ƙofa. Ashe kujerar da gadon tsayinsu ɗaya. Baba ya duba, ya sake dubawa, ya dafa da hannunsa mai lafiya ya ja jiki a hankali har ya zauna a ciki. Ba wanda ya taɓa shi. Ya gyara hularsa ya ce, "To, kai ni jarf."

Ni na hana. Na ce sai an fara gwada hanya ba tare da tsoho ba. Hanyar jarf baƙar ƙasa ce, manyan motoci da tarakta sun kwaɓe ta a daminar bara, ta bushe da kwari biyu da tudu a tsakiya. Ƙanena ya tafi shi kaɗai, ya dawo sharkaf da gumi, yana kokawa da sitiyari, jan mai na ɗiga a bayansa. Ya kwanta ƙasa ya nuna mini. Wani ɗan lagireto ne, bai fi tafin hannu biyu ba, mai sanyaya man sitiyari, an rataye shi can ƙasan hancin motar. Shi ya fi kowane abu kusa da ƙasa, kuma tudun ya fasa shi.

Ustan, wato makanikin da ya kai wa a Sinnar, ya ce a cire shi kawai a haɗe bakin tiyo biyun, halas, an gama. Ni ma abin da na ce ke nan, da babbar murya kuwa. Hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Ruwan farko na sauka hanyar nan ta rufe sai bayan damina, ni kuma da ke juya Baba na san yadda nauyinsa ke ta raguwa a hannuna. Ƙanena ya ƙi. Ya ce injin nan zafi gare shi, kuma a hanyar da za a yi ta murza sitiyari ana tafiyar hawainiya man zai tafasa, su tsaya da tsoho a tsakar rana. Ya ce mayar da shi sama zai yi, bayan ragar gaban motar.

Na ce, "Ka zauna kana mayarwa har ruwa ya zo."

Ya ce, "Yaya, ki bar ni."

Mun yi kwanaki muna gaisuwa sama-sama. An liƙe masa lagireton, ya samo tiyo masu tsawo, sai matsalar wurin ɗaurewa. Sararin kaɗan ne, don abin ɗura iskar nan shi ma da nasa lagireton ya cinye wurin. Ya yanka kwali ya fitar da siffar ƙarfen da yake so. Ya gwada gwangwani, ya lanƙwashe. Ya gwada wani guntun langa-langa, da injin ya tashi ya kama rawa.

Duk wannan a gaban Baba ake yi. Mutumin da bai san komai ba a mota sai ba da umarni yake: ƙara ɗaurewa, ba haka ba, juya shi. Ƙanena kuwa sai "To, Baba." Abin ya ba ni dariya duk da ina fushi. Mutanen nan biyu tun da yaron ya ajiye noma ya tafi ba su taɓa yin hira mai tsawon haka ba, kuma wallahi na ji daɗin ganin su.

Wata hantsi Baba ya ce in ɗauko masa hauyarsa. Tana soke a rufin ɗakinsa, ba mai taɓa ta, don kullum cewa yake da ya tashi da ita zai koma jarf. Ya ɗora ta a cinya ya shafa ƙotar, sannan ya miƙa wa ƙanena.

"Kai wa maƙeri da kwalin naka. Ƙarfen nan bai taɓa ba ni kunya ba."

Na ce, "Baba, in ka tashi fa?"

Ya dube ni ya ce, "Ke ma kin sani."

Na shige madafa na yi kukana, ina jin haushin su duka biyun. Ban taɓa jin ya faɗa da bakinsa ba sai ranar.

Maƙeri ya gasa ta, ya miƙar, ya lanƙwasa, ya huda. Ta zauna daram a bayan raga, lagireton a jikinta. Da aka zuba mai aka ɗaga gaban motar, sai an yi ta juya sitiyari hagu da dama don iska ta fita, kuma Baba ne ya yi wannan da hannunsa ɗaya, fuska a murtuke kamar direban gaske.

Washegari da safe muka kama hanya, sama ta yi baƙi ta kudu, iska na ƙamshin ruwa. Kujera biyu ce, don haka ni na bi karo, amalanken jakin maƙwabcinmu. Motar da ba a kamo ta a kwalta tana rarrafe, taya ɗaya kan tudu, har jakinmu ya wuce ta. Na ɗaga musu hannu, Baba ya kau da kai wai bai san ni ba.

Bahar ya cika ya yi jajir, har ya fara cin gindin gonar. Ƙanena ya kai motar bakin kunya ta farko ya buɗe ƙofa. Na cire wa Baba takalma na sauke ƙafafunsa kan ƙasa. Ya bi gonar da kallo. Da ya buɗe baki kuwa faɗa ya fara, wai kunyoyin ɗan ƙaninsa da ke noma wurin duk a karkace suke. Can ya tambayi ƙanena, "Hauyar tana nan?"

Ƙanena ya zura hannu ta raga, ya janye da sauri yana hura yatsa. "Tana nan, Baba. Ko motsi ba ta yi ba."

Baba ya sunkuya da ƙyar ya damƙo jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ba shi. "Shafa mata. Ta daɗe ba ta taɓa ba."

Muna shiga gida ruwa ya tsuge, hanyar kuma ta rufe kamar yadda na faɗa. Baba bai ga janyewar bahar ba a shekarar, Allah ya karɓi abinsa kafin damina ta wuce.

Motar tana nan a tsakar gida, har yau ba ta ɗauki buhu ko ɗaya ba. Idan ina shara nakan durƙusa in leƙa ta ragar. Ƙasar ta bushe a jikin ƙarfen, kuma duk wanda zai wanke motar nakan tsaya a kansa kada ruwa ya kai wurin.